Gidan na mahaifinmu ne, filin na wansa, yanzu an sayar da filin: ina makomarmu?

'Yar Fari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina bin abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai larura ta sa na fito.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya gina gidan da muke ciki shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Filin kuwa na wansa ne, Baffanmu. Baffa yana da fili mai faɗi, ya nuna masa gefe ɗaya ya ce ya yi gini. Ba a rubuta komai ba, wa da ƙane ne uwa ɗaya uba ɗaya. Takardar filin da sunan Baffa take har yau, ba a taɓa raba ta ba. Babanmu ya rasu shekara shida ke nan, Baffa ya bi shi bara waccan. Watan jiya 'ya'yan Baffa suka sayar da filin gaba ɗayansa, har da inda gidanmu yake tsaye, ba su ce mana uffan ba. Mun sani ne ranar da wasu mutum uku suka zo da tef ɗin awo. Ɗaya ya dafe bakinsa a jikin katangarmu, ɗaya ya ja shi ya ratsa ta ƙofar gida, mahaifiyarmu tana zaune a tsakar gida tana kallonsu. Suka shafa jan fenti a kusurwa huɗu suka tafi.

Wanda ya saya ya aiko cewa ya ba mu wata uku, mu cire kwano da ƙofofi da tagogi mu tashi. Tun ranar Umma ta hana a gyara inda ɗakinta yake yoyo, wai me za a gyara a gidan da za a rushe. Bokiti take tarawa.

Don Allah masana, shin ginin nan ba dukiya ba ce? Idan filin nasu ne, gumin mahaifinmu fa?

Uwar Biyu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya kawo muku mafita 'yar uwa. Kada ku motsa ko nan da can. Shekara talatin kuna zaune, ai zama ma hujja ne.

Lauya Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan magabata. Kafin komai, kada ku cire ko ƙusa ɗaya daga gidan nan, kuma kada ku sa hannu a kowace takarda. Wanda ya ciro kwanonsa da hannunsa ya riga ya amsa cewa ba shi da haƙƙin zama.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, tushen dokar ƙasashe da yawa ba ya tare da mai gini. Tun zamanin Rumawa aka kafa ƙa'idar cewa duk abin da aka kafa a kan ƙasa, ƙasa ta haɗiye shi. Dokar Ingila ta gaje ta, ƙasashen da Ingila ta mulka suka gaje ta daga wurinta. Kundin dokar Faransa na 1804 ya faɗi haka a sashe na 552, na Jamus ma ya ɗauki gini a matsayin wani ɓangare na filin da yake kai. Dalilinsu shi ne gini ba ya tsayuwa a iska. In aka bar mutum biyu kowa da nasa, ɗaya ba zai iya amfani da filinsa ba, ɗaya ba zai iya ɗauke gidansa ba, sai su yi ta riƙe wa juna wuya. Shi ya sa doka take son ta mayar da su hannu ɗaya.

Amma wannan rabin magana ne. Ko da an ce gini ya bi ƙasa, akwai tambaya ta biyu: ta yaya ginin ya hau filin? Da ƙwace, da kuskure, ko da izini? Hukuncin ukun nan ba ɗaya ba ne. A Faransa sashe na 555 ya ce wanda ya yi gini da kyakkyawar niyya, yana riƙe da abin da ya ɗauka hujjar mallaka ce, mai fili ba shi da ikon sa shi ya rushe, sai dai ya biya shi, ko kuɗin kayan aiki da na ƙwadago, ko abin da ginin ya ƙara wa filin na daraja.

Akwai kuma wata shari'a a Ingila mai kama da taku sosai, Inwards da Baker, 1965. Uba ya ce wa ɗansa ya zo ya yi gini a filinsa, ɗan ya gina a 1931 ya zauna. Uban ya rasu a 1951 bai rubuta masa komai ba. Daga baya masu kula da gadon suka nemi su fitar da shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a'a: wanda ya ƙarfafa wa wani gwiwa ya zuba dukiyarsa a filinsa da tsammanin zai zauna, ba shi da bakin da zai dawo ya kore shi, kuma magadansa ba su fi shi iko ba. Aka bar ɗan a gidan muddin yana so.

Saboda haka abin da nake so ki binciko shi ne: da wane lafazi Baffanku ya ba shi wurin, kuma wa ya ji?

Ɗalibin Fiƙihu:
Allah ya saka wa Barista da alheri. Tambayar da ya rufe da ita, ita ce dai wadda alƙalin Musulunci zai fara yi. Bari in shimfiɗa yadda malaman Malikiyya suka rarraba abin, don kowane reshe da inda yake ɓullewa.

Idan Baffa cewa ya yi "na ba ka", kyauta ce. Kyauta kuwa tana kammala da karɓa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, kuma babu karɓar da ta fi mutum ya haƙa harsashi ya tayar da gini mai kyautar yana gani. In haka ta tabbata, wannan yankin ya fita daga dukiyar Baffa tun tuni, bai shiga gadonsa ba, 'ya'yansa sun sayar da abin da ba nasu ba.

Idan cewa ya yi "gina ka zauna", aro ne. Filin yana nan na Baffa, ginin na mahaifinku, kuma ginin ya shiga gadon mahaifinku, har mahaifiyarku tana da tumuninta a ciki. Aron fili don gini ba irin aron tsani ba ne da za a ce kawo yanzu. Wanda ya ba da aro don a yi gini ya san gini ba na kwana biyu ba ne. In an yanka wa'adi, sai ya cika. In ba a yanka ba, ana duba tsawon lokacin da aka saba ba da irin wannan aro, kuma in mai fili ya so fitar da mai ginin kafin nan sai ya biya shi. Amma, kuma a nan ne wurin yake da ɗaci, in wa'adin ya ƙare, mai fili yana da zaɓi: ko ya ce a kwashe ginin, ko ya biya ƙimarsa a rushe, wato kuɗin ɓaraguzai bayan an cire ladan mai rushewa.

Akwai reshe na uku da Ibnu Abi Zaid ya kawo a Risala, na wanda ya yi gini yana zaton filin nasa ne, daga baya mai shi na gaskiya ya bayyana. Mai filin zai biya ƙimar ginin a tsaye. In ya ƙi, mai ginin ya biya shi ƙimar filin kamar babu komai a kansa. In shi ma ya ƙi, sai su zama abokan tarayya, kowa gwargwadon ƙimar abinsa. Ni dai a duk abin da na karanta ban ga tsarin da ya fi wannan kwantar mini da hankali ba, domin bai bar kowa ya tashi hannu rabbana ba.

Wanda ake ce wa kwashe ginin ka tafi kai tsaye shi ne mai ƙwace. Hadisin da ya ce saiwar azzalumi ba ta da haƙƙi a kansa yake magana. Mahaifinku ba shi ba ne.

Uwar Biyu:
Allah gafarta Malam, to maganar daɗewa fa? Na sha jin ana cewa in mutum ya shekara goma a wuri mai shi yana gani bai yi magana ba, shi ke nan.

Ɗalibin Fiƙihu:
Hajiya, akwai wannan, shi ne hauzi. Shekara goma ga bare, tsakanin dangi kuwa ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba, saboda an san ɗan uwa yana kawar da kai ga ɗan uwansa. Amma hauzi yana amfanar wanda yake cewa wurin nasa ne ba a san yadda ya shiga ba. In an san da aro ya shiga, ko shekara ɗari ya yi aro ne.

Lauya Mai Ritaya:
Haka yake a dokar Ingila ma. Shekara 12 suke ƙirgawa a filin da ba shi da rajista, amma sharaɗin shi ne zaman ya kasance ba da izinin mai fili ba. Izini yana kashe wannan hujja. Kada ku jingina da ita.

Magajin Fili:
Ina neman afuwar 'yar uwa mai tambaya, Allah ya sani ba na goyon bayan a sayar da wuri a kan mutane ba a gaya musu ba. Wannan bai dace ba ko kaɗan. Amma tun ɗazu kowa yana kallon gefe ɗaya, ni kuma a ɗaya gefen nake tsaye, bari in faɗi yadda yake.

Mahaifinmu ya ba wani amininsa gefen fili ya yi gini lokacin da aka tashe shi daga gidan haya. Tausayi ne kawai. Su biyun duk sun rasu. Mu tara ne magada, a cikinmu akwai zawarawa biyu da yara ƙanana, kuma filin nan shi ne mafi tsoka a abin da aka bari. Shekara bakwai ke nan ba a raba gado ba. Duk mai sayen da ya zo ya ga gida da mutane a ciki sai ya juya, wanda ya tsaya kuma sai ya taya da abin da bai kai rabi ba. 'Ya'yan aminin ba sa biyan ko sisi, harajin fili kuwa mu ake kawo wa takardarsa. Mun ce su sayi wurin, sun ce ba su da hali. Mun ce mu biya su ginin, sun faɗi kuɗin sabon gida, alhali bangon duk ya tsage. Ƙanwata tana haya da marayu huɗu, tana wucewa ta gaban filin ubanta kullum.

To ku gaya mini, alherin da mahaifina ya yi shi ne laifinsa? In doka ta ce duk wanda aka ba wuri ya gina ya zama ba ya tasuwa, wa zai ƙara ba wani wuri?

Uwar Biyu:
Malam, ka yi haƙuri, amma taku daban tasu daban. Ku kun je kun yi magana, kun ba da zaɓi. Waɗannan fa 'ya'yan wa da ƙane ne, suka sayar da ƙasar da ke ƙarƙashin gadon matar baffansu, sai tef ɗin awo ta gani. Ko ba doka ai akwai kunya.

Magajin Fili:
Na yarda Hajiya, kuma na faɗa tun farko. Abin da nake tsoro shi ne a zuga ta ta shiga kotu da zaton filin ya zama nasu. Wataƙila su ma 'ya'yan Baffan akwai abin da ya matse su. A ji ta bakinsu.

Mai Nazarin Dokoki:
Tambayar da Magajin Fili ya yi, wa zai ƙara ba da wuri, an taɓa gwada amsarta a ƙasa guda, kuma abin ya faru kamar yadda ya hango.

Japan ba ta bi ƙa'idar Rumawa ba. A can fili dukiya ce daban, gini dukiya ce daban, kowanne da rajistarsa. A farkon ƙarni na 20, da filaye suka yi tsada a birane, masu filaye suka gano wata dabara: sai su sayar da filin da wani yake haya ya yi gini a kai, sabon mai shi ya ce shi bai yi alkawari da kowa ba, a tashi ko a ƙara kuɗi. Har suna suka ba abin, "cinikin girgizar ƙasa", don gida yana faɗuwa ba tare da ƙasa ta motsa ba. Abin da ya sami gidan su 'Yar Fari ke nan. A 1909 aka yi dokar kare gine-gine: in mai hayar fili ya yi wa gininsa rajista da sunansa, duk wanda ya sayi filin ya saye shi da shi a kai. A 1921 aka ƙara dokar hayar fili, daga baya aka ƙara ƙarfafa ta har ya zama mai fili ba ya iya ƙin sabunta haya sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Sakamakon? Masu filaye suka ga cewa filin da aka ba da haya kusan ba ya dawowa, suka riƙe abinsu. Dole a 1991 aka yi sabuwar doka, ta fara aiki a 1992, ta kawo haya mai ƙayyadadden wa'adi, shekara 50 ko fiye, wadda in ta ƙare ta ƙare, a mayar da fili.

Don haka duk ku biyun kuna da gaskiya. In aka bar mai gini ba kariya, ana rushe gidaje masu kyau a banza. In aka ɗaure mai fili tamau, ƙofar aro da haya tana rufewa.

Wani misalin da ya fi kusa da sulhu shi ne na Jamus. A Jamus ta Gabas mutane da yawa sun mallaki gidaje a kan filayen da ba nasu ba. Da ƙasar ta haɗe a 1990, masu filayen suka dawo da takardunsu. Dokar 1994 ta raba gardama da ba mai ginin zaɓi: ya sayi filin a kan rabin ƙimarsa, ko a rubuta masa haƙƙin gini na dogon wa'adi yana biyan rabin kuɗin da aka saba. Kowa ya rasa rabi, ba wanda ya rasa duka.

Ɗalibin Fiƙihu:
Wannan na Jamus ai ƙanen wancan reshe na uku ne da na kawo. Hankali in ya nemi adalci, wuri ɗaya yake sauka.

Magajin Fili:
Rabin ƙima? A wurinmu rabin nan abincin marayu ne. Na gane hikimar, amma mai faɗa daga nesa ba ya jin nauyinta.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Bari in ƙara wani gefe da ba a taɓo ba, don ko an sasanta yau, in aka bar abin a rabe zai sake tashi.

Na shekara da shekaru a sashen ba da bashi. In mutum ya kawo gida jingina, abu na farko da muke nema takardar filin ce. Gidan da ke kan filin wani ba ma karɓarsa, domin in bashi ya ƙi biyuwa me za mu yi gwanjonsa? Bulo? Filin da gidan wani yake kai shi ma ba ma so, don ba mai saye. Dukiya biyu ke nan, kowacce da darajarta, amma rabuwar ta kashe su duka. Ba a jinginarwa, ba a sayarwa da daraja, kuma ba a gyarawa. Abin da mahaifiyar mai tambaya ta yi na hana gyaran kwano, na gan shi a gidaje ba adadi. Ba wanda yake zuba siminti a abin da bai san gobensa ba, sai gidan ya yi ta lalacewa, ƙimar da ake faɗa a kanta tana narkewa.

Mafi muni shi ne in mai fili ya jinginar da filin a ɓoye. Japan da Koriya ta Kudu sun tanadi wani abu: in fili da gini na mutum ɗaya ne lokacin da aka yi jinginar, gwanjo ya raba su, doka da kanta tana ba ginin haƙƙin tsayuwa a filin, kotu ta yanka kuɗin da za a riƙa biya. Amma in tun asali masu su daban ne, wannan kariyar ba ta hawa. Haka nan in hukuma ta karɓi wurin don hanya ko wani aikin jama'a, sunan da ke takarda shi ake kira a ba diyya, mai gini sai ya bi sawu.

Mai Awon Fili:
Ni aikina awo ne, kuma sau da yawa ni ne mutumin da yake riƙe da bakin tef ɗin nan, shi ya sa labarin ya taɓa ni. Hajiya, abubuwa kaɗan. Ki ɗauki hoton gidan ciki da waje yau, da jan fentin da suka shafa. Ki nemo duk takardar da ke ɗauke da sunan mahaifinku da adireshin gidan, ta wuta, ta ruwa, rasit ɗin kayan gini, izinin gini in an taɓa karɓa. Ku sa a auna iya inda gidan ya ci, a fitar da taswirarsa daban, don ko sulhu za a yi sai an san taku nawa ake magana a kai. Kuma kada ku ƙara sabon ɗaki yanzu, za a ce kun yi ne bayan kun san da rigima.

Sannan mai saye ba makaho ba ne. Ya ga gida, ya ga shanya, ya ga mutane. Bai tambaya ba?

Lauya Mai Ritaya:
Wannan tambayar ta ƙarshe tana da nauyi a kotu. A tsarin da ya samo asali daga Ingila, wanda ya sayi wuri yana ganin wani a zaune a ciki ana ɗaukarsa kamar ya san duk abin da zai sani da ya tambaya. Ba zai zo ya ce shi baƙo ne ba. In an ruɗe shi ne, waɗanda suka sayar masa zai bi. Yadda wannan yake aiki ya danganta da tsarin rajistar ƙasar da kuke, shi ya sa nake so ki kai takardun wurin lauyan da ke kusa da ku cikin makon nan, ya rubuta wa mai sayen, in ta kama ya nemi kotu ta hana taɓa gidan har a gama.

Uwar Biyu:
Ba su da shufu'a, wato haƙƙin da ke sa mutum ya fi bare cancantar sayen wurin? Ai su ya kamata a fara yi wa tayi.

Ɗalibin Fiƙihu:
A Malikiyya shufu'a ta abokin tarayya ce a abin da ba a raba ba. Hanafiyya ne suka ba maƙwabci. Tunda ba su da kaso a filin kansa, ba ƙofar da zan tura su ba ce. Ta fuskar zumunci kuwa, eh, su ya kamata a fara tuntuɓa.

Mai Nazarin Dokoki:
Kada dai a fahimci cewa rabuwar fili da gini kullum masifa ce. Inda aka tsara ta tana aiki. Jamus tana da dokar haƙƙin gini tun 1919, yawanci shekara 99, da shafinsa a rajista, ana gadonsa, ana sayar da shi, banki yana karɓarsa, kuma in wa'adi ya cika mai fili yana biyan diyyar ginin. Faransa ta yi tata a 1964, wa'adinta a yau daga shekara 18 zuwa 99 ne. A Sin filayen birane na gwamnati ne, mai gida yana da haƙƙin amfani na shekara 70. Ko a can, da wasu takardu masu wa'adin shekara 20 suka ƙare a birnin Wenzhou a 2016, hankalin mutane ya tashi, don ba wanda ya san abin da zai biyo baya. Kundin dokar da ya fara aiki a 2021 ya ce na gidajen zama yana sabunta kansa. Duk inda ka duba, rigimar tana ɓullowa ne a wuri ɗaya: ranar da wa'adi ya ƙare ko fili ya canja hannu, ba a faɗi makomar ginin ba.

'Yar Fari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi kwana huɗu ban leƙo ba saboda ina bin abin da kuka ce.

Na je wurin Gwaggonmu, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta ce tana wurin ranar. Abin da ta riƙe shi ne Baffa ya ce, "ka gina ka zauna, kai da 'ya'yanka." Na yi ta juya mata tambayar ko ya ce na ba ka, ta ce ba za ta ƙara a kan abin da kunnenta ya ji ba, tana gab da kabari. Raina ya so ta faɗi ɗayar, amma na ga girmanta da ta ƙi.

A akwatin Baba kuma mun sami wani littafi mai bangon shuɗi, duk ya yi laushi. Da hannunsa ya rubuta komai: buhun siminti nawa, bulo nawa, ranar da aka ɗora kwano, ladan magini. A shafi na uku ya rubuta cewa Yaya ya ba da gudummawar yashi mota biyu. Umma ta riƙe littafin ta daɗe ba ta ce komai ba.

Baba Magajin Fili, na bi shawararka na je wurin babban ɗan Baffa. Bashin asibitin mahaifinsu ne ya taru a kansu. Ya ce kunya ce ta hana shi zuwa. Shi kuma mai sayen, ashe ce masa aka yi mu 'yan zaman wucin gadi ne.

Ɗalibin Fiƙihu:
Allah ya yi wa Gwaggo albarka. Wannan lafazin bai kai kyautar fili ba, amma ya wuce aron da za a karɓe yau. Ya ambaci 'ya'ya, ke nan ya ba da zama ne har bayan ran ƙanensa, kuma a Malikiyya wanda ya ba da mazauni zuwa wani wa'adi, magadansa ba sa warware shi in an riga an karɓa. Yashin nan mota biyu kuma shaida ce cewa da saninsa da yardarsa aka yi. A rubuta maganar Gwaggo a gaban shaidu tun tana da ƙarfi.

Magajin Fili:
Na ji daɗi da kika je, 'yata. In za ku iya, ku sayi iya inda gidan ya ci, ko da biya kaɗan-kaɗan ne, a rage wa mai sayen kuɗinsa gwargwadon haka. Ni ma zan sake kiran namu mu zauna, wannan karon da mai ƙiyasta kadara a tsakani, kowa ya daina faɗin kuɗi da ka.

Lauya Mai Ritaya:
Hanyar da zan fi so ke nan. A kawo mai ƙiyasi wanda duka ɓangarorin suka yarda da shi, ya faɗi ƙimar yankin ba gini, ya faɗi ƙimar ginin a tsaye. In kun saya, a yanke yankin a fitar masa da takardarsa da sunan magadan mahaifinku, kada a tsaya a rasit. Ku tabbata an rubuta hanyar shiga da inda ruwa zai bi, don gidan da aka kewaye shi ba mafita wata sabuwar shari'a ce. In kuɗin bai samu ba aka koma haya, a rubuta shekara nawa, nawa za a biya, yaushe ake sake duba kuɗin, ko za ku iya sayarwa ko gadarwa, da abin da za a yi da ginin ranar da wa'adi ya cika, sannan a kai a yi rajista. In kuma mai sayen filin ne zai sayi ginin, ƙimarsa a tsaye za ku nema, kuma ba ku fita sai kuɗi ya shiga hannu.

Gyaran yoyo kuwa ba ƙarin gini ba ne. Ku gyara, ku ajiye rasit.

'Yar Fari:
To Baba, na rubuta duka. An sa zama ranar Asabar, mai sayen ya yarda zai zo, Gwaggo ma ta ce a zo a ɗauke ta. Na karanta wa Umma abin da ka ce game da yoyon, ta ce a kira mai kwanon. Gobe da safe zai hau.